Na'urorin cire gashi a gida: Shin da gaske suna hana gashi sake fitowa?

Idan kuna yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ku taɓa cin karo da tallarta ba. Wata 'yar na'ura ce da ake riƙewa a hannu, a ɗora bakinta a ƙwauri ko hammata, ta yi walƙiya kamar fitilar kyamara, sai a nuno fata sumul, a rubuta cewa an rabu da reza har abada. Akwai na manyan kamfanoni irin su Philips Lumea da Braun Silk-expert da Ulike, waɗanda kuɗinsu kan kai ɗaruruwan daloli. Akwai kuma tarin marasa suna da ake sayarwa da araha a shagunan intanet.

Tambayar da masu saye ke yi ita ce: suna aiki kuwa? Amsar a taƙaice: na ƙwarai daga cikinsu suna rage gashi sosai, amma ba sa kawar da shi har abada, kuma an ƙera su ne don mai hasken fata da baƙin gashi. Ga mai duhun fata, kamar yawancinmu, na'urar na iya ƙin aiki gaba ɗaya, ko kuma ta ƙona fata ta bar tabon da ya fi gashin da ake gudu muni. Don haka kafin ku tura kuɗi, ga abin da ya kamata ku sani.

Yadda haske ke kashe gashi

Asalin fasahar ya koma shekarar 1983, lokacin da wasu likitocin fata biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Rox Anderson da John Parrish, suka wallafa wani bincike a mujallar Science. Sun nuna cewa idan aka zaɓi irin hasken da ya dace, aka harba shi na ɗan ƙanƙanin lokaci, za a iya ƙona wani abu mai launi a cikin fata ba tare da an taɓa naman da ke kewaye da shi ba. A kan wannan ne aka gina cire gashi da leza, wanda asibitoci suka fara yi a tsakiyar shekarun 1990.

Abin da hasken ke farauta shi ne melanin, sinadarin da ke sa gashi ya yi baƙi. Kowa ya san yadda baƙar riga ke ɗaukar zafi a rana fiye da fara. Haka baƙin gashi ke shanye haske ya mayar da shi zafi. Zafin sai ya bi silin gashin ya gangara cikin fata har zuwa saiwarsa. Idan ya kai kusan digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, sai ya lalata ƙwayoyin da ke tsiro da gashin, ko ya raunana su har su daɗe ba su farfaɗo ba.

Wannan ya sa na'urar ba ta da abin yi da furfura, ko gashi mai ruwan zinare ko ja, ko siraran gashin nan masu laushi da ke fuska. Babu isasshen melanin a cikinsu da zai kama hasken.

Akwai kuma batun lokaci. Gashin jiki ba ya girma a tare. Kowane sili yana da lokacin tsiro, da lokacin tsayawa, da lokacin hutu kafin ya zube wani ya maye gurbinsa. Hasken yana tasiri ne kan gashin da ke cikin tsiro, lokacin da yake manne da saiwarsa. A kowace rana wani kaso ne kawai na gashin jiki ke wannan mataki. Shi ya sa ba a gamawa a zama ɗaya. Philips na ba da shawarar a yi sau ɗaya duk mako biyu a karo huɗu na farko, Braun kuma sau ɗaya a mako har tsawon mako 4 zuwa 12.

IPL daban, leza daban

Masu talla kan kira kowace na'ura "leza", amma kusan duk na gida ba leza ba ne, IPL ne. Bambancin yana da muhimmanci.

IPL fitila ce mai iskar zenon, 'yar'uwar fitilar kyamara, da ke fitar da haske mai launuka da yawa a haɗe, daga wajen nanomita 500 zuwa 1,200. Nanomita shi ne ma'aunin da ake bambanta nau'in haske da shi. Hasken IPL yana bazuwa, wani ya kai ga saiwar gashi, wani ya tsaya a saman fata.

Leza kuwa haske ne nau'i guda, a tattare wuri ɗaya. Asibitoci na amfani da iri uku: Alexandrite mai nanomita 755, diode mai wajen 810, da Nd:YAG mai 1,064. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa. A cikin na'urorin gida, wadda aka fi sani da leza ta gaske ita ce Tria, mai diode, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba izinin amfani a gida a 2008.

Bambanci na biyu shi ne ƙarfi. Saboda wanda ba shi da horo ne zai riƙe ta, an rage wa na'urar gida ƙarfi da gangan. Yawancin IPL na gida ba sa kai jul 10 a kan kowane santimita murabba'i na fata, alhali injin asibiti na ninka wannan sau da yawa. Ƙaramin ƙarfi ya fi sa saiwar gashi ta yi dogon barci fiye da ya kashe ta. Idan aka daina amfani da na'urar, da yawan saiwoyin kan farka.

Me ake nufi da "dindindin"?

Nan ne tallace-tallace ke wasa da kalmomi. Izinin da FDA ke bai wa na'urorin haske, har da na asibiti, na "rage gashi na dindindin" ne. Ma'anarsa a wurin hukumar ita ce adadin gashin da ke sake fitowa ya ragu, kuma ragin ya ɗore idan aka auna bayan wata 6 da 9 da 12 da kammala amfani. Ba a yi alƙawarin cewa ba za a sake ganin ko sili ɗaya ba.

A aikace, wanda fatarsa ta dace kuma ya bi jadawali zai ga gashi ya ragu bayan 'yan makonni, wanda ya rage kuma ya zama siriri, yana jinkirin fitowa. Mai aski duk bayan kwana uku na iya komawa sau ɗaya a wata. Wannan riba ce ta gaske. Sai dai su kansu kamfanonin sun rubuta a littafin da ke cikin kwali cewa sai an ci gaba da maimaitawa duk wata ɗaya ko biyu. Na'urar da ake buƙatar ci gaba da amfani da ita ba ta kawar da gashi har abada ba ke nan.

Inda gizo ke saƙa: launin fata

Melanin ɗin da ke cikin gashi shi ne dai ke cikin fata. Haske ba ya tantance na gashi da na fata, duk inda ya ga duhu nan yake sauka. A jikin Bature mai baƙin gashi, hasken na ratsa farar fata ya wuce kai tsaye zuwa gashin. A jikin baƙar fata kuwa, saman fatar ne ke fara shanye hasken tun kafin ya isa saiwa. Sakamako biyu ne: gashin bai samu isasshen zafi ba, fatar kuma ta samu fiye da kima.

Likitoci na raba launin fata gida shida, bisa ma'aunin da Thomas Fitzpatrick na Harvard ya fito da shi a 1975. Na ɗaya shi ne fari fat da rana ke ƙonawa nan take, na shida shi ne baƙi sosai. Yawancin na'urorin gida an yi su ne don na ɗaya zuwa na huɗu, wasu su taɓa na biyar da ƙaramin ƙarfi. Mutanen Afirka ta Yamma kuwa, akasarinsu a na biyar da na shida suke. Idan kuka duba kwalin kowace na'ura ta ƙwarai za ku ga jadawalin launuka, an soke mafi duhun da alamar hani.

Abin da kan biyo baya idan aka yi kunnen ƙashi sananne ne a wurin likitocin fata: ƙuna, bororo, sannan tabo. Baƙar fata na da saurin yin baƙin tabo a duk inda ta ji rauni, tabon da kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa, wurin ya yi fari-fari saboda ƙwayoyin da ke samar da launi sun lalace. Ga wanda jikinsa ke yin tabo mai kumburi da tauri, irin wanda kan fito a kunne bayan huji, ƙuna na iya jawo irinsa.

Akwai ma wani abin mamaki da likitoci suka tabbatar, duk da ba kasafai yake faruwa ba. Haske mara ƙarfi, maimakon ya kashe saiwa, sai ya zaburar da ita, gashi ya ƙaru ya yi kauri. An fi ganin haka a fuska da wuya, kuma masu duhun fata na cikin waɗanda ya fi shafa.

Manyan kamfanoni sun san wannan haɗari, shi ya sa suke sa wa na'urorinsu ido mai karanta launin fata. Braun na kiran nata SensoAdapt, Philips kuma SmartSkin. Idan idon ya ga fatar ta yi duhu da yawa, na'urar ba za ta yi walƙiya ba. Wannan kariya ce mai kyau, amma ku lura da abin da take nufi ga aljihu: kuna iya sayen na'ura mai tsada, ta iso, ta ƙi harbi a jikinku. Kuma ko mai hasken fata, hammata da matsematsi da gwiwa sun fi sauran jikinsa duhu. Wato wuraren da aka fi son cire wa gashi su ne na'urar ta fi ƙi.

Akwai 'yan tsirarun na'urori da ke haɗa haske da zafin igiyar rediyo, masu su na cewa sun dace da fata mai duhu. Ko da irin waɗannan, jadawalin launi da ke cikin littafin na'urar shi ne abin dubawa, sannan a ji ta bakin likitan fata.

Bilicin, lalle da magunguna

Wani zai ce ai ya yi haske da mai, don haka na'urar za ta karɓe shi. Tana iya karɓa, kuma haɗarin ke nan. Mayukan bilicin, musamman masu ɗauke da hydroquinone ko sinadaran siteroid, suna sa fata ta yi siriri, ta yi saurin jin rauni, ta kuma yi jinkirin warkewa. Ga shi hasken bilicin ba ya zama bai ɗaya, nan fari can baƙi. Harba zafi a kan irin wannan fata neman tabo ne.

Haka duk wani abu mai duhu da ke kan fata zai ja hasken: zanen tatu, tawadar Allah, baƙin tabo, har da lalle, ja ko baƙi. Amarya da ke shirin biki ta sani cewa ba a ɗora na'urar a inda aka yi ƙunshi.

Wasu magunguna ma na sa fata ta kasa jure haske. Daga ciki akwai doxycycline, wanda mutane da yawa ke sha, da isotretinoin na ƙurajen fuska. Masu juna biyu da masu farfaɗiya da walƙiyar haske ke tayar wa ciwo, kamfanonin da kansu sun ce su ƙaurace.

Sai ido. Kewayen ƙwayar ido cike yake da melanin, kuma likitoci sun sha ba da rahoton mutanen da idonsu ya samu rauni wajen cire gashin gira da haske. Ba a kai na'urar kusa da ido ko gira ko kaɗan. A fuska, iyakarta daga ƙashin kumatu zuwa ƙasa.

Masu araha na intanet

A AliExpress da Temu da shafukan 'yan kasuwar Instagram za ku ga na'urori da aka rubuta wa "walƙiya 999,999". Don kwatance, Braun Silk-expert Pro 5 walƙiya 400,000 aka rubuta mata, kuma ana lissafin za ta yi shekaru masu yawa. Yawan walƙiya ba shi ne ƙarfi ba, kuma ba shi ne inganci ba.

Matsalar marasa suna ita ce da yawansu ba su da ido mai karanta launin fata. Abin da suke da shi kawai maɓalli ne da ke gane an manna na'urar a jiki. Za su harba a kan kowace fata, komai duhunta. Ba a kuma san ainihin ƙarfinsu ba. Wata ba ta da ƙarfin da zai taɓa gashi, kun yi asarar kuɗi. Wata kuma ba ta da matatar da ke tare haske mai cutarwa, kun yi asarar fata.

Ku kula da tambarin FDA da ake mannawa. Kamfani ya yi rajista da FDA ba ya nufin hukumar ta duba na'urarsa. Wadda aka duba aka ba izini tana da lambar 510(k), kuma kowa na iya bincika sunanta a shafin hukumar daga wayarsa. Idan mai sayarwa ya kasa faɗin sunan kamfani da lambar samfurin, ku bar masa kayansa.

Hotunan "kafin" da "bayan" ma abin lura ne. Dole ne a yi aski kafin a yi amfani da IPL, don haka fata sumul da ake nunawa bayan walƙiya aikin reza ne. Ku kuma dubi launin fatar mai tallar, ku tuna da filta da hasken fitilar ɗaukar bidiyo.

Idan daga Amurka za a kawo muku, ku duba jikin caja. Wutar can 120 ce, tamu 220 zuwa 240. Idan an rubuta 100–240V babu matsala.

Sauran na'urorin da ake cewa na dindindin ne

Akwai hantsakin lantarki da ake cewa yana aika wuta ta silin gashi zuwa saiwa. Gashi ba ya ɗaukar wutar lantarki yadda ya kamata, kuma FDA ta bayyana cewa babu gamsasshiyar hujjar da ke nuna yana cire gashi na dindindin. Akwai ɗan gilashin nan da ake gogawa a fata, wanda ya yi tashe a TikTok. Kankare gashi yake daga sama kamar sanfefa, saiwa na nan daram. Sai injin tuge gashi mai ƙananan hantsaki masu juyawa. Yana fizgo gashi daga tushe, a samu makonni kafin ya dawo, daidai da halawar da mata suka daɗe suna yi a Sudan da Chadi da Maiduguri. Yana aiki, amma na ɗan lokaci ne.

To mene ne mafita ga mai duhun fata?

Hanya ta farko ita ce lezar Nd:YAG mai nanomita 1,064. Melanin na saman fata ba ya shan wannan haske sosai, don haka yana ratsawa ya kai ga saiwar gashi da ke can ciki. Ita ce likitocin fata suka fi amincewa da ita ga baƙar fata. Injin asibiti ne, kuma ana buƙatar zama da yawa, galibi shida ko fiye, da tazarar makonni a tsakani. Idan za ku je wurin da ake yi, ku tambayi sunan injin kai tsaye, ku tambayi wa zai riƙe shi da irin horonsa, ku nemi a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri. Wurin kwalliya da ya ce yana da "leza" amma injinsa IPL ne, haɗarinsa ya fi na na'urar gida, domin ya fi ta ƙarfi.

Wannan leza na taimaka wa maza masu fama da ƙurajen aski a wuya da ƙasan haɓa. Gashinmu mai murɗewa ne, idan aka aske shi ƙwal sai tsininsa ya lanƙwasa ya koma cikin fata, wurin ya kumbura. Rage kaurin gashin na rage ƙurajen. Amma namiji ya yi tunani kafin ya kai haske ga fuskarsa, domin gemun da aka raunana yana iya dawowa a tsattsage. Mafi sauƙi shi ne a bar reza a koma kilifa, a bar ɗan tsawo kaɗan.

Hanya ta biyu ta girmi cire gashi da leza da fiye da shekara ɗari. A 1875 wani likitan ido a birnin St. Louis na Amurka, Charles Michel, ya yi amfani da siririyar allura mai ɗauke da wutar lantarki ya kashe saiwar gashin ido da ke juyawa yana sokar idon marasa lafiya. Wannan hanya, ilektirolisis, ita kaɗai FDA ta yarda a kira cire gashi na dindindin. Ba ruwanta da launin fata ko na gashi, har furfura tana kashewa. Aibinta shi ne sili ɗaya-ɗaya ake bi, tana cin lokaci, tana da zafi, kuma hannun da bai ƙware ba na iya barin tabo. Ta fi dacewa da ƙaramin wuri kamar haɓa.

Ga mace da gashi mai kauri ke fito mata a haɓa ko ƙirji ko ciki, musamman idan al'adarta na rikicewa, ko tana yawan ƙuraje da ƙiba, na'ura ba ita ce matakin farko ba. Sau da yawa alama ce ta rikicewar sinadaran jiki, kamar lalurar PCOS da ta shafi ƙwan mace. Muddin ba a magance tushen ba, jiki zai ci gaba da tsiro da sabon gashi komai yawan walƙiya. Likitan mata ya kamata a fara gani.

Idan fatarku ta dace kuma kun yanke shawarar saye

Ku sayi wadda ke da ido mai karanta launin fata, daga kamfani mai suna da garanti, a wurin da ke karɓar kaya idan an mayar. Ku gwada jadawalin launin da wurin da za ku yi wa aiki, kada ku gwada shi da fuskarku ko cikin hannunku.

Ku yi aski da reza kafin amfani. Kada ku yi halawa ko tuge gashi, domin idan aka cire saiwa hasken ba shi da abin kamawa. Ku fara da mafi ƙarancin ƙarfi a ɗan wuri, ku jira kwana biyu ku ga yadda fatar za ta yi, domin ƙuna a fata mai duhu kan yi jinkirin bayyana. Ɗumi da ɗan tsinkau kamar an harbe ku da roba ba komai ba ne. Zafi mai raɗaɗi kuwa alama ce ta a tsaya. Kada a maimaita walƙiya a wuri ɗaya, kada a kai ta al'aura ko kan nono, kuma a kare wurin daga rana bayan an gama.

Wanda fatarsa ta faɗa cikin launukan da aka soke a jikin kwali, reza da kilifa da man cire gashi da halawa ba su tsufa ba. Kuɗin da za a zuba a na'urar da za ta ƙi aiki, ko ta bar tabo, gara a tara shi a kai wa likitan fata mai injin Nd:YAG.